Na Dawo Ni Kaɗai daga Zangon Tama

Mahaifiyarku ta ce kada in rubuta wannan. Ta ce magana ta wuce, Baba ya daɗe a makwancinsa, wanda ya san gaskiya ya sani. Ni kuwa tun ranar sunan ɗan Rabi, da na ji wata a cikin danginmu tana gaya wa matan da ke gefenta wai matata ce ta gaji da jinyar tsoho, shi ya sa aka ɗauke shi aka kai ƙauye aka ajiye, ban sami sukuni ba. Ku kuna yara lokacin. Abin da kuka gani shi ne na fita da kakanku a mota ran Juma'a da sassafe, na dawo ran Talata ni kaɗai. Ba wanda ya zaunar da ku ya yi muku bayani. Ni ma ban yi ba, domin a lokacin ban tabbata abin da na yi daidai ne ba. To ga yadda aka yi.

Baba maƙeri ne ɗan maƙeri. An haife shi a Zangon Tama, wani ɗan ƙauye arewa da Daura, dab da iyakar Nijar. Yakan ce zakaran da ke tashin su da asuba a Nijar yake kwana. Yana saurayi ya taka a ƙasa har Kano, ya hau jirgin ƙasa ya sauka Kaduna, ya yi fiye da shekara arba'in a Panteka yana ƙera ƙofofi da murhun gawayi da fartanya. Sunan mahaifinsa ya sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Abba yake ce mini. Ni kuma Allah ya sa abincina a ma'aikatar ayyuka, sashen awon hanya. Bayan rasuwar mahaifiyata na dawo da shi gidanmu na Unguwar Kanawa, ɗakin nan na kusa da zaure. Shekara uku da zuwansa hawan jini ya kayar da shi, ɓarin hagunsa ya yi rauni, hannun ya daina riƙe awartaki. Daga nan zuwa Panteka ya ƙare.

Mahaifiyarku ce ta riƙe shi, ni ofis nake wuni. Ita ke yi masa miyarsa daban ba gishiri, ita ke ƙirga masa ƙwayoyin magani a murfin kwano safe da yamma, ita ke kai shi asibiti duk farkon wata. Kullum sai sun yi faɗan gishirin nan. Yana ɓoye ɗan ƙulli a aljihun rigarsa, ita kuma tana ganowa ranar wanki, ta zo ta ajiye masa a gaba, shi kuma ya kalli sama. Amma a hankali faɗan ma ya daina. Ya zama mutum ne zaune a kan dakali, ya zuba wa titi ido, in an gaishe shi ya amsa, in ba a gaishe shi ba shi ke nan. Masallacin da ke ƙarshen layinmu ma ya ce ya yi masa nisa.

Wata rana da yamma, wajen ƙarshen damina, na dawo daga aiki na zauna kusa da shi ina cire takalmi, sai ya ce:

"Abba, a takardun nan naku na awo, daga nan zuwa gida mil nawa ne?"

"Yanzu da kilomita muke yi, Baba. Ɗari huɗu da wani abu."

"Ni ban san wannan ba. In an tashi da asuba, ana sallar la'asar a can?"

"Ana yi, in hanya ta yi kyau."

"To ashe babu nisa. Ni kwana shida na yi kafin in ga Kano."

Bai ce in kai shi ba. Baba bai iya roƙo ba. Mahaifiyarku ce, da ta ji mu daga tsakar gida, ta ce mini in nemi hutun kwana uku in haɗa da ƙarshen mako in kai shi ya ga gida, ko zuciyarsa za ta ɗan saki. Ku riƙe wannan: ita ta kawo shawarar tafiyar, amma tafiyar kwana huɗu ta ce. Maganin kwana huɗu ta ƙulla, ta ƙara na mako guda saboda halin hanya, ta rubuta mini a takarda wanne ne na safe wanne ne na yamma, kamar ban iya karatu ba.

Muka tashi a tsohuwar fijo ɗina bayan sallar asuba. Muna wuce Kawo Baba ya fara magana, kuma bai daina ba. Zariya, Kano, Kazaure, ni ina duba allunan gefen hanya da wasunsu ni na auna wurin kafa su, shi kuwa daga Kano zuwa sama yana lissafinsa daban. Ya nuna wani dutse ya ce a gindinsa suka kwana da 'yan ayarin jakuna. Ya nuna wata fadama ya ce a nan takalminsa ya tsinke. Abin da muke shafewa cikin minti arba'in, shi wuni guda ne a wurinsa, da yunwarsa da ƙishirwarsa. A Daura muka yi sallar Juma'a. Na ce ko mu biya ya ga rijiyar nan ta tarihi da baƙi ke zuwa gani, ya ce ya sha ruwanta tun ba a kewaye ta da gini ba, in ja mota. Bayan mun bar kwalta muka shiga hanyar yashi tsakanin gonakin gero, wajen minti arba'in mota tana nishi, sannan muka hango kukokin Zangon Tama. La'asar ba ta yi ba tukuna. Baba ya dube ni ya ce, "Ka gani ko?" kamar shi ya tuƙa.

Ƙanwarsa Gwaggo Ladi ce ta fito da gudu ba mayafi. Shekara goma sha ɗaya rabonsu. Ta kama hannunsa na hagu, ta juya shi, ta ga yadda ya lanƙwashe, sai ta fashe da kuka. Shi kuwa ya ce mata ta yi shiru, ɗayan yana aiki, ta kawo fura. A gidan ɗanta Haruna muka sauka, magidanci ne mai mata ɗaya da 'ya'ya, shi ke riƙe da ita, kuma shi kaɗai ya rage yana ƙira a garin.

Washegari Asabar, da hantsi, Baba ya ce a ɗaura wa shanu amalanke, zai nuna mini abin da ba ya cikin takarduna. Muka fara da gonar Gwaggo. A tsakiyarta akwai wani ginshiƙin siminti da bai kai ƙuguna ba, an ɗaure akuya a jikinsa. Haruna ya ce mini wannan ita ce iyaka, Turawa suka kafa. Geron da ke kudu da shi na Najeriya ne, na arewa na Nijar, rumbu ɗaya ake zuba su. Na yi shekara talatin ina ganin layin nan a taswira, ja, mai kauri, ban taɓa tunanin akuya ake ɗaurewa a jikinsa ba.

Daga nan muka yi gabas, tafiyar rabin awa, zuwa wurin da suke kira Tudun Tama. Tudu ne baƙi, ko ciyawa ba ta cika fitowa a kansa ba. Da na sauka na duba sai na ga ba ƙasa ba ce, kashin maƙera ne, tari a kan tari, ga ɓaraguzan tsofaffin murahun da ake narka tama a ciki sun leƙo nan da can. Baba ya sa muka sauko da shi. Ya ce a nan kakanninmu suka yi ta fitar da ƙarfe daga dutse tun ba a san ko su waye sarakan ƙasar ba. Ya ce da an gama girbi mahaifinsa da 'yan'uwansa suke tarewa a nan, su haƙo tama, su ƙona gawayi, su hura wuta kwana da kwanaki, shi kuma yana kawo musu abinci daga gari. Ya sunkuya ya ɗauki wani dunƙule da hannun dama, ya sa shi cikin tafin hagu, ya naɗe yatsun a kansa ɗaya bayan ɗaya. Hannun ya riƙe.

"Me ya kashe aikin, Baba?" na tambaya.

"Ƙarfen mota da na jirgi. Wa zai yi mako yana dafa dutse, ga ƙarfe a yashe a bakin hanya? Wuta ta mutu a nan, ni kuma na bi ƙarfe inda ya tafi. Abin da ya kai ni Kaduna ke nan, ba son birni ba."

Ran Lahadi ya ce saura kufai. Tsohon garinsu ne, wanda aka tashi daga cikinsa tun zamanin kakansa saboda rijiya ta ƙafe, kuma yana can cikin Nijar, tafiyar awa guda a amalanke. Na ce ban zo da wata takardar ƙetare iyaka ba, kuma ni ma'aikacin gwamnati ne. Haruna ya yi dariya har ya saki igiya. Ya ce, "Yaya, jiya da ka zagaya bayan ginshiƙin nan ka kama ruwa, a wace ƙasa ka yi?" Muka tafi. Ganuwar garin ta zube ta zama dogon tudu mai kewaye da fili, kukoki sun cika ciki. Baba ya nuna mini inda ƙofar gabas take, ya nuna ramukan karofi guda bakwai da har yanzu bakinsu shuɗi-shuɗi ne, ya nuna bakin rijiyar, duwatsunsa duk igiyar guga ta yi musu zane mai zurfi. Ko da aka tashi daga garin, danginmu ba su daina kai mamatansu can ba. Ya tsaya a gindin wata kuka mai rami a ciki, ya ce daga nan taku arba'in ne gabas. Na kama hannunsa, ya ture ni. Da sandarsa ya taka, yana jan ƙafar hagu, yana ƙirgawa a fili. Mutumin da masallacin ƙarshen layi ya gagara. A taku na arba'in ya tsaya kan wasu duwatsu uku da ciyawa ta kusa rufewa.

"Ga mai sunanka," ya ce.

Muka durƙusa muka yi addu'a. Ya daɗe bai shafa ba.

Ran Litinin da safe ina duba man mota da ruwa don tafiyar gobe, Gwaggo ta zo ta ce yayanta na kirana. Na same shi a rumfar maƙerar Haruna, zaune a kan turmi, yana kallon yadda ake dukan wata fartanya. Ya ce wa Haruna ya ɗan ba mu wuri.

"Abba, ka gaishe mani da ɗiyata da yaran. Ni nan zan zauna."

Na ɗauka wasa ne. Da na ga fuskarsa sai na fara jero masa abin da na sani, kuma na san shi da kyau, aikina ne. Daga nan zuwa kwalta minti arba'in, in ba a yi ruwa ba. In an yi ruwa fadamar nan ta cika, mota ba ta wucewa. Daga kwalta zuwa asibitin Daura wani rabin awa. Daga Kaduna zuwa nan awa bakwai, in abu ya faru kafin in iso an gama. Likitansa yana Kaduna, katinsa yana Kaduna, jikokinsa suna Kaduna. Ya bar ni har na ƙare.

"Duk na ji. Ba ka yi ƙarya ba. Amma a can in na farka, abin da nake jira shi ne lokacin shan magani. In na sha, in jira na yamma. Nan kwanana uku ban tambayi ƙarfe nawa ba." Ya gyara sandarsa. "Kai ke riƙe da ni yanzu. In ka ce in shiga mota, zan shiga, ba zan yi maka gardama gaban mutane ba. Ka je ka yi tunani."

Wannan ce maganar da ta fi yi mini nauyi. Da ya yi faɗa, da na yi faɗa, da mun ƙare a mota. Sai ya ɗora mini. Na fita na taka ni kaɗai har Tudun Tama, domin a kansa kaɗai waya ke kama layin Najeriya. Na kira mahaifiyarku da niyyar in gaya mata. Ta tambaya ko yana shan magani, na ce yana sha. Ta tambaya ko Gwaggo tana sa masa gishiri, na ce ina lura. Ta ce Allah ya dawo da ku lafiya, na ce amin, na kashe waya. Tsoro ne ya hana ni. Na san in na faɗa za ta ce in sa shi a mota, kuma na san zan sa shi. Na zauna a kan tudun nan har rana ta take, ina tuna shi a kan dakali, ina tuna shi yana ƙirga taku. Da na sauko na ba Haruna sauran maganin da takardar mahaifiyarku, na ce ya kwafe ta da ajami yadda matarsa za ta iya karantawa.

Na iso gida ran Talata bayan la'asar. Tana jin ƙarar mota ta fito bakin ƙofa. Ba ni ta duba ba, kujerar gefe ta duba, sannan ta baya.

"Malam, ina Baba?"

"Ya ce zai zauna."

"Ya ce. Kai kuma ka ce me?"

"Na bar shi."

"Ka bar shi? Kamar wanda ya manta buta a masallaci? Mutumin da jininsa ke hawa in ya ci gyaɗa mai gishiri? Kuma jiya ka ce mini amin?"

Ta riga ta tuƙa masa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kukarsa daban. Ta ɗauki kwanon ta kai ɗakinsa ta ajiye, ta zauna a bakin gadon tana kuka. Rabi, ke kika shiga kika same ta, kika fito kika harare ni, kika yi mako biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Mahaifiyarku kuwa kwana uku ta yi tana ajiye mini abinci ba ta dube ni ba. Ran Juma'a da yamma ta ce in cika tanki, gobe za mu je ta dawo da shi da kanta, tunda ni na kasa.

Muka sake bin hanyar nan. Awa bakwai ba ta ce mini komai ba sai "a hankali" in na shiga rami. Muka same shi a maƙera, yana jan zuga-zugi da hannun dama, yana yi wa Haruna faɗa wai ya cire ƙarfe daga wuta bai nuna ba. Muryarsa har waje. Ta tsaya a bakin rumfa ta daɗe tana kallonsa kafin ya gan ta. Sannan ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, laifin me na yi maka?"

"Ɗiyata, laifinki ɗaya. Kin iya jinya har mutum ya manta yana da ƙafa. Allah ya yi maki albarka, ya ba ki masu yi maki abin da kika yi mani. Amma ki bar ni nan."

Ba ta ƙara maganar komawa ba. Kwana biyun da muka yi, a madafa ta ƙare su tare da matar Haruna, tana koya mata miya ba gishiri. Ta bar musu na'urar awon jini, ta sa Haruna ya gwada a hannunta har sau biyar. Da za mu tafi ta laluba aljihun rigar Baba da ke rataye, ta ciro ƙullin gishiri, ta ajiye masa a gaba. Ya kalli sama. Duk muka yi dariya, ita tana yi tana share ido.

Shekara biyu da wata biyar ya yi a can. Duk bayan wata biyu nake zuwa, sau da yawa tare da ita, da magani da sabulu da goro. Na san kowane rami a hanyar nan. Ya yi ƙiba, ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa, ya kai duk wani baƙo da ya shigo garin Tudun Tama ko ya so ko bai so ba. Wannan shi ne abin da ya samu. Abin da na biya kuwa shi ne ban yi masa wanka ba, ban ɗauki makararsa ba, ban tsaya a sahun sallarsa ba. Na san haka za ta faru tun ranar da na jero masa awannin hanya a rumfar Haruna, kuma sanin bai rage mini komai ba da ranar ta zo.

Wata Laraba ce cikin bazara. Na fito daga sallar asuba waya ta yi ƙara. Haruna ne, yana haki, ya hau tudu a guje.

"Yaya, sai haƙuri. Kawu ya cika. Ya yi alwala zai fita, sai ya zauna a bakin ƙofa. Ya bar wasiyya a kai shi kufai. Mu jira ku?"

Na tsaya a ƙofar masallaci na yi lissafin da na saba. Awa bakwai, ga zafin bazara, ga wata awa guda a amalanke. Na ce kada su jira.

Muka kama hanya ni da mahaifiyarku. Mun wuce Zariya da kamar awa guda, wajen ƙarfe goma, wata lambar Nijar ta kira. Haruna ya ce an rufe shi kusa da mahaifinsa, mutanen ɓangaren biyu sun zo, sahu ya kai har bakin ganuwa. Na gangara gefen titi na tsaya a inuwar wata ɗorawa. Hannuna ya ƙi sakin sitiyari. Motoci suna ta wucewa, wata mai tallar mangwaro ta nufo mu, ta ga fuskata ta juya. Mahaifiyarku ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta bar ni na yi kukana, ita ma tana nata. Da na lafa ta ɗaga hannu, na ɗaga, muka yi masa addu'a a nan cikin mota. Sannan ta buɗe gorar ruwa ta miƙo mini.

"Sha, Malam, ka wanke fuska. Gwaggo tana can, yau ba ta da wa. Kada ta ga la'asar ba ta gan mu ba."

Na sha, na wanke fuska, na tada mota.